Abin zanen yara da na saya ta tallar tele bai yi yadda aka nuna ba: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye a Yamai da Tawa suka fi kawowa wurin masu gyaran kayan wuta da malaman ƙananan azuzuwa, musamman bayan sallah da lokacin komawa lakwal. Sunan da ke jikin kwali ba shi da wani muhimmanci, domin abu ɗaya ne ake yi masa suna goma. Irin allon da kuka saya shi ne abin dubawa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu, lafiyarsu lau.

Me ya sa launin da na gani a tele ya fi na hannuna haske nesa ba kusa ba?

Saboda an ɗauki tallar a ɗakin da aka shirya domin ta. Ana rage hasken bango, a haska allon ta gefen da ya fi masa kyau, a ƙara wa launi ƙarfi a kwamfuta, sannan a gaggauta hoton, zanen minti 20 ya ƙare cikin daƙiƙa 10. Ku lura da hannun da ke zanen idan an matso da kyamara: sau da yawa na babban mutum ne wanda ya iya zane, yaron kuwa fuskarsa kawai ake nunawa yana dariya. Ita ma tele da kanta haske take fitarwa, don haka duk abin da ta nuna sai ya yi ƙyalli.

Akwai kuma maganar girma. Idan an ce allon inci 8.5 ne, daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna, wato santimita 21.6. Bai kai rabin takardar A4 ba. Mai inci 10 santimita 25.4 ne, mai inci 12 kuwa santimita 30.5. A hannun yaro ɗan shekara huɗu kowane allo babba ne.

Baƙin allon nan mai maɓallin gogewa ne. Rubutun ya yi dishi-dishi, kuma ba ya haske da dare. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, haka aka ƙera shi. Ba shi da fitila a ciki kamar waya. Wani ruwa ne na musamman aka shimfiɗa siriri tsakanin ledoji biyu; duk inda alƙalami ya danna, ruwan wurin sai ya riƙa mayar da hasken da ya faɗa masa, shi ne layin da kuke gani kore-kore. Ke nan hasken wuri yake aro. A inuwar zaure da hantsi yana fitowa sarai, a ɗaki mai ƙwan lantarki guda yana dushewa, cikin duhu kuwa ba a ganin komai.

Wanda ake cewa mai launuka ne, yaro ba ya zaɓar launi. An riga an jera launukan a jikin ledar, sama ja, tsakiya kore, ƙasa shuɗi ko makamancin haka, layin yana ɗaukar launin wurin da ya bi. Haka kuma yawancinsu ba sa goge ɓangare guda: da zarar an danna maɓalli, komai ya tafi. Wannan shi ne ya fi sa yara kuka, domin layi ɗaya yaro ya so gyarawa sai raƙumin gaba ɗaya ya ɓace. Ku nuna masa makullin da ke baya tun ranar farko, kuma idan ya yi zanen da yake so, ku ɗauka da waya kafin a goge.

Ya daina gogewa gaba ɗaya. Me zan duba?

Ku bi su a jere, kada ku tsallake na farko don ya yi kama da wasa.

Na farko, makulli. Wani ɗan ƙaramin abin turawa ne a baya ko a gefe, da hoton kwaɗo kusa da shi. Idan yana kulle, ko sau ɗari aka danna maɓallin ba zai goge ba. Yara kan tura shi ba su sani ba.

Na biyu, idan allon sabo ne, ku duba bakin gidan pil ko akwai wata ƴar leda da ta leƙo. Ana sa ta don kada pil ya ƙare a hanya, sai an zare ta yake aiki.

Na uku, pil ɗin kansa. Irin mai kama da kwabo ne, mai ƙarfin bolt 3. Ku kwance ƴar kusar da ƙaramin turnabis, ku zaro gidan, ku karanta lambar da ke jikin pil ɗin: CR2032, CR2025 ko CR2016. Faɗinsu ɗaya ne, milimita 20. Kauri ne ya bambanta, 3.2 da 2.5 da 1.6. Idan aka sa siriri a gidan mai kauri ba zai taɓa ƙarfe da kyau ba, idan aka cusa mai kauri a gidan siriri sai ya buɗe ƙarfen har abada. Masu gyaran agogo da masu gyaran kwamfuta suna sayar da su. Ku tafi da tsohon a hannu, kuma ku roƙi mai gyara ya auna sabon a gabanku: mai kyau yana nuna 3.2 ko sama kaɗan, wanda ya sauka ƙasa da 2.8 ya gaji ko da a cikin ledarsa yake. Gefen da ke da alamar + shi ne ke bin alamar + ta gidan.

Na huɗu, ƙura. A hunturu tana shiga ko'ina. Ku jiƙa auduga da ɗan alkol na farmasi, ku goge ƙarafan biyu da ke taɓa pil, ku bar su su bushe minti biyu.

Alamar pil mai rauni ita ce allon ya goge rabi ya bar inuwar zane, ko sai an danna sau uku. Allon ba ya cin wuta lokacin rubutu, sai lokacin gogewa kaɗai, shi ya sa pil mai kyau kan yi watanni. Idan duk an yi wannan bai goge ba, ƴar wayar da ta haɗa leda da ƙaramin injin ce ta tsinke, galibi saboda an lanƙwasa allon ko an zauna a kansa. Kuɗin gyaran ya kan kai na sabo.

Wasu tabo sun fito a jikin allon kuma ba sa goguwa.

Zafi ne ko nauyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai da Tawa ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka sosai, haka ma kan taga ko saman firji. Ledar takan kumbura ta rabu, kuma ba ta komawa. Ku ajiye shi a kwance cikin akwati ko kabad, ba a ƙasan littattafai cikin jakar lakwal ba.

Namu farin allo ne mai alƙalamin maganaɗisu da abin ja a ƙasa. Ya yi toka-toka, zanen ma a tsinke yake fitowa.

Ku matso da ido za ku ga allon kamar saƙar zuma yake. Kowane ɗan rami yana ɗauke da farin ruwa mai kauri da garin ƙarfe. Alƙalami yana jawo garin sama, abin ja kuma maganaɗisu ne dogo da ke bi ta baya yana mayar da shi ƙasa. Tunda rami-rami ne, layin ba zai taɓa yin sumul kamar na tawada ba.

Idan ya yi toka, ku ja abin gogewar a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau biyar ko shida. Yara da sauri suke ja, garin bai samu lokacin sauka ba. Idan bai washe ba, ku ɗauki maganaɗisu mai faɗi, irin na tsohuwar lasifika, ku naɗe shi da ƙyalle, ku shafi fuskar allon duka har ta yi baƙi, sannan ku sake gogewa a hankali. Wannan yana motsa garin da ya dunƙule. Wurin da aka danna da bik ko ƙusa har ya lotsa kuwa ya tafi ke nan. Idan ruwa mai maiƙo ya fara tsattsafowa, ku raba yaro da shi.

Tabarmar da ake zane da ruwa ce. Kafin yarinyar ta gama hoto, farkonsa ya ɓace.

Farin shafen da ke sama idan ya jiƙe yana zama garau, sai launin da ke ƙarƙashi ya bayyana; idan ya bushe ya koma fari. A kwali sukan rubuta minti 3 zuwa 10, amma da iskar wata ƙasa aka auna. A nan daga Janairu zuwa Afrilu damshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga fanka a sama. Ba abin mamaki ba ne zanen ya bushe cikin minti ɗaya ko biyu. Ku kashe fankar, ku shimfiɗa tabarmar a kan siminti mai sanyi, ku ba ta ɗan soso ko buroshi mai faɗi maimakon siririn alƙalamin. Da damina za ku ga bambanci, sai dai a lokacin kada a naɗe ta da danshi, tana yin fumfuna.

Abu biyu kan rikita mutane a alƙalamin. Murfin wasu baibai ake kwance shi, wato ta hannun da aka saba ɗaurewa, kuma da yawa sun fashe a hannun masu ƙarfi. Sannan bakinsa yana son a jiƙa shi cikin ruwa na ƴan mintuna kafin amfanin farko. Ruwa zalla ake zubawa. Tawada, lemo, sabulu ko hannu mai man abinci suna ɓata farin shafen, ba ya dawowa.

Allon da ke haske cikin duhu fa? Da rana ba ya nuna komai.

Ba na rana ba ne. Fuskarsa tana shan hasken ƴar fitilar da ke bakin alƙalami, ta riƙa sake shi a hankali, kuma hasken yana da rauni ƙwarai. Sai an rufe taga an kashe fitila. Zanen ya fi ƙarfi a mintin farko, daga nan ya yi ta dushewa. Dare a tsakar gida idan an ɗauke wuta, nan ne yake biyan kuɗinsa. Ku hana yara haska alƙalamin a idon juna.

Tebur mai haska hoto don yaro ya bi layi: hoton a dushe yake, pil kuma kwana biyu ya ƙare.

Ku fara da murɗa bakin gilashin hagu da dama har layin ya fito, sannan ku goge gilashin da faifan hotunan da ƙyalle mai laushi. A ɗaki mai duhu-duhu ake amfani da shi.

Game da pil, ku duba rubutun jikinsa. R6 shi ne mai araha da ake samu a kowane tebur, an yi shi don abin da ba ya jan wuta sosai kamar agogon bango. LR6 shi ne mai ƙarfi. A ƙananan kuma R03 da LR03 ne. Kada a haɗa sabo da tsoho, ko iri biyu a gida ɗaya, domin mai raunin ne zai zubo. Masu caji suna aiki, sai dai bolt 1.2 gare su maimakon 1.5, don haka uku suna ba da 3.6 a wurin da ake son 4.5, hasken zai ɗan ragu. Idan abin yana da kiɗa, ku kashe shi. Kuma idan za a yi mako ba a taɓa shi ba, ku cire pil; a zafin nan saurin zubowa suke yi su cinye ƙarfen. Farin gishirin da LR6 ya bari yana fita da ɗigon lemun tsami a kan auduga, a bi da alkol, a bar shi ya bushe.

Alƙaluman launin da suka zo da shi rabinsu a bushe suke.

Sun daɗe a sito da kan hanya. Idan masu wankuwa da ruwa ne, ku tsoma bakin cikin ruwa mai ɗumi minti 5, ku rufe, ku ajiye shi baki ƙasa har kwana guda. Idan murfin baya yana ɓalluwa, ɗigo uku ko huɗu a cikin audugar ya isa. Fiye da haka launin zai tsinke. Ku tambayi kanku tun kafin saye ko za a samu na canji a Babbar Kasuwa ko Wadata. Abin da sai da tawadarsa ko takardarsa ta musamman yake aiki, ranar da ta ƙare shi ma ya ƙare.

Akwai haɗari a cikin waɗannan kayan?

Akwai, kuma wannan amsar ta fi duk sauran muhimmanci a wurinmu. Pil mai kama da kwabo idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin ƙuna mai tsanani cikin awa biyu. Ko wanda ya gaji har allo ya daina gogewa yana da sauran ƙarfin yin wannan ɓarna. Yaron zai iya ci gaba da wasa da farko, daga baya a ga dalalar miyau, amai, tari, ko ƙin cin abinci.

Idan kuna zaton ya haɗiye, ku nufi babban asibiti nan take, inda ake da hoton ƙirji: a Yamai Asibitin Ƙasa ko na Lamorde, a Tawa babban asibitin jiha. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Kada a sa shi amai, kada a jira a gani ko zai fita. Idan yaron ya wuce shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma ba a yi awa 12 da faruwar abin ba, ana ba shi zuma cokalin shayi biyu duk minti 10, har sau shida, a kan hanya. Zumar tana rage saurin ƙunar ne kawai, ba ta maye gurbin likita, kuma ba a tsayawa nemanta idan babu a gida. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a ba shi zuma. Ku tafi da kwalin ko pil irinsa don likita ya ga girmansa.

Saboda haka duk allon da gidan pil ɗinsa ba shi da kusa, ana zare shi da farce, bai dace da gidan da ke da mai rarrafe ba. Idan kusar ta ɓace, ku naɗe wurin da salatif mai ƙarfi. Tsohon pil kuma a liƙe shi da salatif gaba da baya, kada a jefar da shi a tsakar gida.

Sai ɗan maganaɗisun bakin alƙalami da na hatiman da ke zuwa da farin allon nan. Ku gwada ja da hannu. Idan yana motsi ku ɗauke. Guda biyu idan aka haɗiye suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Alƙalamin da ke fitar da narkakkiyar roba shi ma a duba: mai amfani da zaren robar da ake kira PLA bakinsa yana kai wa kusan digiri 200, ba na ƙananan yara ba ne. Mai zaren PCL ne ke narkewa a wajen digiri 60.

Amma kwalin yana da alamar CE.

Alamar Tarayyar Turai ce, kuma a mafi yawan kayan wasa mai ƙera abin ne da kansa yake buga ta, yana cewa ya bi ƙa'ida. Mai gaskiya yana bugawa, mai algus ma yana bugawa. Abin da ya fi ta nuni shi ne a ga sunan kamfani da cikakken adireshi, da shekarun da aka yi abin dominsu. Da'irar nan ja mai fuskar jariri da 0-3 tana nufin kada a ba wanda bai kai shekara uku ba. Idan kuka buɗe kwali wari mai hawa kai ya buge ku, ko fenti yana kama yatsa, kada ya je bakin yaro.

Zan iya mayarwa a ba ni kuɗina?

Ya danganta da inda mai sayarwar yake. Ku dubi lambar da ke ƙasan talla. Ta Nijar +227 ce da lambobi takwas. +33 Faransa ce, +225 Kwaddibuwa, +229 Benin, +234 Najeriya. Tashoshin da ke shigowa ta tauraron ɗan adam da yawa ba da mu ake tallarsu ba, kuma alkawarin mayar da kuɗi da suke yi na mutanen can ne. Idan ɗan'uwa ne ya sayo muku a Faransa ta intanet ko ta waya, dokarsu ta ba shi kwana 14 daga ranar da kayan suka iso hannunsa ya fasa ciniki, sai dai kafin kaya su iso Yamai kwanakin suna iya ƙarewa.

Idan mai sayarwar yana nan cikin gari, ku kira shi a ranar, ba bayan mako ba. Ku ɗauki bidiyon aibin, ku adana hoton tallar, saƙonnin WhatsApp, takardar aika kuɗi, da kwalin da duk abin da ke ciki. Ku faɗi abu ɗaya takamaimai: an ce yana goge ɓangare, ba ya yi, an ce alƙalami 12, takwas ne a ciki. Cewa "bai yi kyau ba" ba ta kama kowa. Ku fara da neman canji, ya fi saurin samuwa. Ba roƙo kuke yi ba: a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu, kuma ƴan kasuwa sun san haka. Idan mai rumfa ne, shugabannin ƴan kasuwar wurin sukan sasanta irin wannan.

To nan gaba yaya zan yi kafin in biya?

Ba a cinikin biri a sama. Ku nemi a turo muku bidiyon abin da aka ɗauka da waya, a hannu, da rana, kusa da takardar jikka don ku ga girmansa. Ku tambayi irin pil da yake ci da ko yana ciki. Ku yi sharaɗin biya bayan an kawo, ku tanadi pil ɗinku, ku gwada a gaban ɗan kabu-kabun: rubutu, gogewa sau biyar, makulli, kowane alƙalami.

Ku kuma yi lissafin kuɗin da kanku. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka idan an tallata abu a yuro 19.99 ya haura jikka 13, yuro 29.99 kuwa ya kusa jikka 20, ban da kuɗin kawowa da na duwan. Yawancin waɗannan kayan daga Sin suke fitowa, daga masana'antun Shantu da kasuwar Yiwu, inda ƴan kasuwarmu ma suke sari. Ku ɗauki hoton tallar ku zaga da shi wurin masu kayan yara. Sau da yawa za ku tarar da shi da wani suna, kuma ga shi a hannu kuna juyawa.

Mutanen Tawa, Ƙonni da Madawa da ake aiko wa ta motar fasinja: tafiyar ta wuce kilomita 500 zuwa Tawa, a ƙasan mota cikin zafi da nauyin buhuna. Ku sa wani naku a Yamai ya gwada kafin a ɗora, a sa allon tsakanin kwali biyu masu kauri, a cire pil.

Yaron ya yi kwana biyu da shi ya watsar, yana cewa shi bai iya ba. Me zan ce masa?

Kada a yi masa gorin kuɗin da aka kashe. Shi ma tallar ya gani, ya zaci da ya riƙe alƙalamin doki zai fito. Yaro ɗan shekara biyu kwasar-kwasar layi yake yi, wajen shekara uku yake kwaikwayon da'ira, wajen huɗu ya yi mutum mai kai da ƙafafu. Wannan shi ne daidai, kuma babu allon da ke tsallakar da shi. Ku gaya masa a fili cewa babban mutum ne ya yi zanen na tele. Ku zauna tare minti goma, ke ki zana randa shi ya sa mata moɗa, ko baba ya zana mota shi ya sa tayoyi. Maimakon tambayar "mene ne wannan?", ku ce "ba ni labarinsa". Idan an ɗauke allon mako biyu aka sake fito da shi, sau da yawa yana dawowa sabo.

Me kuke ganin ya fi dacewa a saya?

Ga mai shekara biyu zuwa uku, allon maganaɗisu mai kaurin jiki ko tabarmar ruwa, tunda ba su da pil. Daga huɗu zuwa sama baƙin allon yana da amfani a tafiya da wurin jira, idan gidan pil yana da kusa. Amma don koyon riƙe alƙalami, mu mun fi son allon lakwal da alli, da fensir mai launi da takarda, saboda hannu yana jin tirjiyar takarda, kuma zanen yana zama a liƙa shi a bango kaka ta gani. Bandir ɗin takarda guda 500 ne, bayan takardun ofis da aka gama da su ma ya wadatar. Falankin katako mai mita ɗaya da aka shafa wa fentin allo hannu biyu yana ɗaukar yara uku a lokaci guda.

Idan fenti suke so, a haɗa kofi ɗaya na fulawa, kofi ɗaya na gishiri mai laushi da kofi ɗaya na ruwa, a dama har ya yi kaurin koko, a raba a murafu. Ruwan bisap mai kauri yana ba da ja-ja, garin kurkum rawaya, garin gawayi baƙi. A yi zanen a kan kwali, a sa musu tsofaffin riguna don kurkum yana kama tufa. A dama daidai na yini guda, domin da zafi washegari ya yi tsami.